Tubali, makuba da laso: yadda ake zanen bangon Zariya da abin da ke zubar da shi

A fannin zane, Zariya gari biyu ce. Akwai Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take da sashen zane-zane da na tsara gine-gine. Akwai kuma cikin Birni, bayan ganuwa, inda magina suka daɗe suna ƙawata fuskar gida da ƙasa tun ba a yi mafarkin jami'a ba. Ɗalibai kan shiga ta Ƙofar Doka da takardu da wayoyi, su ɗauki dagi da zankwaye da ƙofar fada, su koma su kwaikwaya, kuma da yawansu hannunsu na da kyau. Sai dai takarda ba ta san ruwan Agusta ba. Ranar da aka ce a mayar da zanen kan bango na gaske, a zauren wani sabon gida ko wurin shaƙatawa, nan ake gane cewa siffar ita ce mai sauƙi. Damina ɗaya ko biyu, sai ka tarar da shi ya ɓamɓaro ya zube a gindin bango. Zanen nan aikin magini ne, ƙarfinsa kuma yana bayansa: irin ƙasar, yadda aka kwaɓa ta, kwanakin da aka ba ta ta bushe, da hanyar da aka yi wa ruwa.

Kududdufan da ke cikin Birni, gidajen da ke kewaye da su daga cikinsu suka fito. Amma ba kowace ƙasa ke gini ba. Ta sama, baƙa mai taki da saiwoyi, a kankare ta a ajiye gefe, don ruɓewa take yi kuma tana kiran gara. Abin nema yana ƙarƙashinta: jar ƙasa mai burji, wadda yumɓu da yashi da 'yar tsakuwa suka haɗu a cikinta. Tsohon magini da tafin hannu yake gane ta. Wanda bai kai nan ba, ya jiƙa kaɗan, ya murza ta ta yi tsawo da kaurin babban yatsa, ya riƙa turo ta a hankali ta gefen hannu tana reto. In ta katse ba ta kai inci 2 ba, yashi ya yi yawa, bangon zai riƙa zuba ko da hannu aka shafa. In ta wuce inci 6 ba ta katse ba, yumɓu ya yi yawa, za ta tsattsage wajen bushewa, sai an ƙara mata yashi. Tsakanin nan ake so.

Kwaɓi shi ne inda masu gaggawa suke fara asara. Ana zuba ruwa, a tattake da ƙafa, a juya da fartanya, a barbaɗa busasshiyar ciyawa da aka daddatse, a sake tattakewa, sannan a bar ta ta kwana biyu ko uku kafin a sake jiƙawa a maimaita. Kwanakin nan da take yi ba ɓata lokaci ba ne: ruwa ne yake ratsa dunƙulen yumɓu har ya narke, ciyawar kuma ta yi laushi ta kama jiki. Ƙasar da aka kwaɓa da safe aka yi aiki da ita da azahar tana ɗauke da busassun dunƙule a ciki, su ne za su sha ruwa daga baya su kumbura su fasa yaɓe. Ta yaɓe, akan ƙara mata kashin doki ko na jaki, domin ciyawar da ke cikinsa ta riga ta niƙu, ba wuƙar da za ta datsa ta haka.

Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini, a jera a rana kamar mako biyu. Kafin a fara aiki da shi a fasa ɗaya: in cikinsa ya fi bayansa duhu, da sauransa. Harsashi a haƙa har a taɓa ƙasa mai tauri, in da marmara a fara da ita har ta ɗan ɗago sama da ƙasa. Ana jera tubalin gindi ƙasa tsini sama, a riƙa jefa kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ƙarfi a tsakaninsu don kada a bar kogo. Bango yana farawa da kauri, ƙafa 2 ko fiye a ɗaki mai hawa ɗaya, ana rage tubali yayin da ake hawa, shi ya sa ginin ƙasa yake da wannan ɗan jinginen da ido ke so. Magini a kan bangon yake zama, ƙafa nan ƙafa can, yaro na jefo masa tubali daga ƙasa. Layi biyu ko uku a rana ya isa, a matsa gaba a bar nan ya sha iska. In aka ɗora nauyi a kan ɗanye, bango zai yi ciki, kuma ba yaɓen da ke gyara bangon da ya yi ciki.

Rufi kuwa azara ce ke yanke hukunci. Daga giginya ake tsaga ta, ɓangaren waje mai duhu da nauyi shi ne wanda gara ba ta iya wa, na ciki mai haske da taushi ba shi da amfani, kuma yanzu da azara ta yi tsada akwai masu cusa shi cikin kaya. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa a faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6. In ana son ɗaki ya fi haka, sai a turo gajerun azara daga saman bangon kowane gefe, kamar ƙafa ɗaya da rabi, a lulluɓe su da ƙasa, a ɗora dogayen a kansu, faɗi ya kai ƙafa 9. Daga nan sai baka, wato lanƙwasasshen tallafin rufi mai siffar bakan gizo. Bakan Hausa ba a kan katakon tallafi ake gina shi ba: daga bango ko ginshiƙi ake turo azara gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta ɗan fi ta baya karkata, a ɗaure da igiya, a yaɓe, a bari ta bushe kafin a ƙara ta gaba, har na dama da na hagu su haɗu a tsakiya. Inda bakuna suka gitta juna suka ɗauki tulluwa, shi ne ɗaurin guga.

Wanda yake son ganin iyakar wannan fasaha ya nemi izini ya shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a da ke kusa da fada. Babban Gwani Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma har yau akwai unguwa mai sunan Babban Gwani a Birni. A shekarun 1970 an yi sabon ginin zamani da ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon, don haka daga waje ba za ka ga komai ba. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi dalla-dalla, kuma akwai kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Abin lura a ciki shi ne yadda adon ya bi jikin ginshiƙai da bakuna, layuka masu zurfi, ba hayaniya. Ni a ganina, wanda zai koyi zanen bango ya fara da nan kafin ya je ga fuskokin gidaje masu launi bakwai.

A kan azara ana shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa siririya ta bushe, sannan a ƙara mai kauri a karkata ta zuwa inda ruwa zai fita. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska. Bangon gabas shi ke shan duka. In fuskar gida gabas take kallo, a rage tudun zane a ƙara kariya. Indararo ya fito aƙalla ƙafa 2 daga bango, kuma kada a kuskura a sa shi a saman ƙofa ko saman zane, don iska za ta mayar da ruwan kan aikin. Rawanin soro da zankwaye su ne ruwa ke fara ci, saboda haka su ake fara bai wa laso, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga. A gindin bango a yi dakali. Mutane na ɗaukarsa wurin zaman hira ne kawai, alhali shi ke tare ruwan da ke fallatsa daga ƙasa, wanda shi ne ke cin gindin gini har ya rarake.

Sai yaɓe. Bango ya bushe sarai tukuna, don sabon gini yana zama, in aka yi masa ado da wuri tsagar za ta bi ta tsakiyar adon. Kafin a taɓa bangon gaske, a gwada kwaɓi uku ko huɗu a wani lungu, kowanne faɗin ƙafa 2, wannan da ƙarin yashi, wancan da ƙarin ciyawa, a dawo bayan kwana uku a zaɓi wanda bai tsage ba kuma bai zuba in an murza. A share bango, a yayyafa masa ruwa, a jefa yaɓen farko da ƙarfi, kaurinsa kada ya wuce rabin inci zuwa inci ɗaya, a bar sawun yatsu a jikinsa don na biyu ya sami abin kamawa. Na biyu da tankaɗaɗɗiyar ƙasa ake yi, ya fi siranta, a kansa zane zai zauna.

Zanen iri uku ne. Akwai mai tudu, wanda ake ɗora ƙasa a kan yaɓe. Akwai wanda ake yankawa cikin shafe tun yana ɗanye. Akwai na fenti zalla a kan bango mai sulɓi. Mai tudu shi ne na asali, shi ne kuma mai wuya. Ana farawa da nemo tsakiyar ƙofa a ja layi a tsaye da igiya, domin duk zanen daga nan yake rabuwa dama da hagu. A zana siffar da yatsa ko tsinke tun yaɓen na da sauran danshi. A murza ƙasa dogo-dogo, a bi layin ana dannawa da babban yatsa har gefenta ya narke cikin yaɓen, sannan a gyara da jiƙaƙƙen hannu da bayan cokali. Daga sama ake sauka, don abin da ya faɗo kada ya ɓata wanda aka gama. Sharuɗɗa uku ne ba a wasa da su. Ƙasar tudun ta zama ita ce ta yaɓen, kwaɓi ɗaya, don su ja baya tare wajen bushewa. Tudun kada ya wuce inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in zai wuce a kafa 'yan turaku a bango su riƙe shi. Saman kowane layi kuma a zaftare shi ya gangaro waje, domin in aka bar shi a kwance ruwa zai zauna a kai ya ratsa ta baya. In yaɓe ya riga ya bushe kafin a zo zane, a karce wurin a jiƙa shi sosai, in ba haka ba tudun manne kawai yake, ba a haɗe ba.

Dagi yana da nasa tarko. Igiyarsa shiga take tana fita, kuma dole a kowace mahaɗa ta hau sau ɗaya ta nutse sau ɗaya, bi da bi. Sabon hannu yakan hau sau biyu a jere, shi ba zai gani ba, amma duk maɗinkin babbar riga da ya wuce zai gani, kuma Zariya garin masu ɗinkin hannu ce. Maganin shi ne a fara ɗiga ɗigo a jere da tazara ɗaya, a zagaya da layin a tsakaninsu, a yi wa kowace mahaɗa alamar wanda zai hau kafin a ɗora ƙasa. Bayan dagi akwai takobi, allo, wata da tauraro, kuma a ƙarnin da ya wuce, da 'yan kasuwa suka fara gasar ƙawata fuskar zaure, keke da mota da agogo da jirgin sama duk sun hau bango. Masu cewa wannan ya ɓata gargajiya ban bi su ba. Maginin da ya sa keke a bango abin da ke gabansa ya zana, kuma kusan abin da ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 suke kira a yi ke nan, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, tun makarantarsu tana kwaleji kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962: a ɗauki na gida a haɗa da na zamani. Demas Nwoko ma gini ya koma, ya yi suna da aiki da jar ƙasa a Ibadan.

Lokacin aiki rani ne, daga bayan kaka zuwa kafin bazara ta ƙare. Hunturu yana busar da tubali da kyau, amma mugu ne ga yaɓe: fuska ta bushe ciki na ɗanye, sai tsaga ta bazu. A yi aikin da sassafe ko la'asar, a rataya zana ko jiƙaƙƙen buhu a gaban bangon. Ƙananan tsaga da suka fito washegari, a danne su da bayan cokali tun ƙasar ba ta ƙeƙashe ba, za su rufe.

Kariya ta gargajiya daga sharar wasu sana'o'i take fitowa. Makuba ɓawon ɗorawa ce, abin da ya rage bayan an cire gari an cire kalwar daddawa. Ana daka ta a jiƙa, ko a tafasa, har ruwan ya yi ja mai duhu, a tace. Da ruwan ake kwaɓa yaɓen ƙarshe, ko a shafa shi sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Yana taurara fuskar ƙasa ya ba ta launin nan mai kyau, shi ne kuma mata ke yayyafawa in suna daɓe. Amma a bangon da ruwa ke duka, shekara ɗaya ko biyu sai an sabunta. Laso ya fi ƙarfi, kayansa uku: katsi, wato laka da ke taruwa a gindin ramin rini, wadda ake dunƙulawa a busar a ƙone a daka, gashin jima daga majema, da ruwan dafara, saiwar da ake dakawa a jiƙa ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ana haɗa su a riƙa juyawa kwanaki kafin a shafa, kuma da shi ake shafe ramukan rinin kansu, wanda ya isa shaida cewa yana riƙe ruwa. Matsalar yau ita ce marina sun ragu ƙwarai, katsi ya yi wuyar samu, don haka wanda zai yi laso ya fara neman katsi tun kafin ya haƙa harsashi. In kaɗan aka samu, a ba rufi da rawani da zankwaye da ƙarƙashin indararo, sauran bango ya wadatu da makuba.

Launi, farar ƙasa ce tushe, a sa mata ɗan ƙaro ko ruwan dafara don kada ta riƙa bin rigar mutane. Ja daga jar ƙasa, baƙi daga gawayi, shuɗi daga bula. Fentin mai a kan ƙasa yana kyau wata shida, daga nan ya kumbura ya saɓule, ya tafi da fuskar zanen.

Siminti shi ne babban mai kashe ginin ƙasa a Zariya, kuma da kyakkyawar niyya ake sa shi. Mai gida ya gaji da yaɓe duk shekara, sai ya ce a shafe masa da siminti a huta. Ga abin da ke biyo baya. Siminti ba ya haɗuwa da ƙasa, jingina kawai yake. Rana ta buɗa shi dare ya tsuke shi, ƙasar da ke baya kuma nata motsin daban, sai ya yi 'yan tsaga siririya. Ruwa ya shiga ta nan, ko ta saman rawani, ko ya hau daga gindi, ya rasa hanyar fita, domin ƙasa ta fuska take fitar da danshi kuma an toshe fuskar. Bango ya riƙa narkewa a ɓoye, gara ta sami inuwa da laima. Daga waje lafiya lau. Ka ƙwanƙwasa da yatsa, in ka ji ƙarar fanko to aiki ya riga ya lalace, wata rana cikin Agusta shafen zai faɗo falle guda da rabin bangon a jikinsa. Ƙusoshi da ragar waya da ake kafawa suna jinkirta abin, amma ƙusa tsatsa take yi. In an ga alamar fanko, a ɓamɓare wurin da rani, a bar shi ya bushe, a cike da ƙasa irin ta bangon. Cike ramin bangon ƙasa da siminti ƙara faɗin ramin ne, don ruwa gefen facin zai koma ci.

Wannan ba ya nufin siminti ba shi da wuri. A bangon bulo, zanen yanka da siminti yana daɗewa. Buhu ɗaya kwanon sarki 2 ne, a haɗa da kwanon sarki 10 zuwa 12 na yashi mai laushi da aka tankaɗe. In siminti ya fi haka yawa zai tsattsage, kuma zai kama kafin a gama yanka. A shafa iya inda za a iya yankewa cikin awa ɗaya, a tsaya a kan layin zane don kada mahaɗar ta fito, a yanka da wuƙa ko bakin cokalin gini a karkace, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda.

A Samaru akwai misalin ginin ƙasa da aka yi don aikin zamani: dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya tsara a tsakiyar shekarun 1970 lokacin yana koyarwa a can, magina na gari suka gina da ƙasa, ɗakuna zagayayyu kewaye da fili, da zane mai tudu a jiki. Shi ma, kamar kowane soro a Birni, ransa yana hannun mai duba shi kafin damina.

Dubawar ba ta da wuya. Cikin Maris ko farkon Afrilu a hau rufi a share, a tsige duk ciyawar da ta tsiro, a zura sanda cikin kowane indararo. Tsagar rufi a buɗa ta kaɗan da wuƙa, a jiƙa, a cusa ƙasa a danne, kada a shafa a sama kawai. A bi gindin bango a nemi hanyar gara, a karya ta a bi ta har inda ta fito. A duba ko titi ko lambatu ya ɗago sama da dakali, don a unguwannin da aka cike hanya, ruwan da ke wucewa da can yanzu gindin gida yake kwana. Bayan ruwan farko a sake zagayawa tun bango bai bushe ba: duk inda ya fi sauran duhu, nan ruwa ke tsayawa, nan za a fara gyara.